Da na kwanta sai tunani ya taso min, dan Allah a ba ni shawara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai da rana lafiyata ƙalau, ina kan keken ɗinkina ga hidimar yara, amma da zarar na kashe fitila na kwanta shikenan kamar an kunna rediyo a kaina, kuɗin makarantar yara, kayan mutane da ban gama ba ga biki ya matso, har maganar da aka yaɓa min tun bara sai ta dawo sabuwa fil, gabana yai ta faɗuwa har a kira assalatu ban runtsa ba. Addu'o'in barci kuwa wallahi ba na fashi. Akwai wanda ya san wata dabara?

Baban Sadiq:
Wa alaikumussalam, Allah ya yaye miki. Kina shan shayi ko cin goro da yamma? Sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikinsu yakan yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, to ki tsaya da su daga azahar. Sannan bayan magariba ki samu littafi ki rubuta duk abin da ke cin ranki, gefen kowanne ki sa abu ɗaya da za ki yi gobe a kai, misali "kira mai leshi in ce sai Alhamis". Ƙwaƙwalwa tana nanata abu ne don kar a manta, in ta ga an rubuta tana sassautawa.

Anti Hauwa:
'Yar uwa na ɗanɗana wannan, ba daɗi. Abin da ya fi taimakona shi ne na daina kokawa da tunanin, don in kika ce dole sai ya tafi ƙara zama yake. Ki ɗora hannu a ciki, ki ja numfashi ta hanci ki ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali ki ƙirga shida, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, ita ce ke rage bugun zuciya. Tunanin zai dawo fa, sau nawa ma, sai ki ce a ranki "ga zancen kuɗin makaranta nan ya zo", ki maida hankali kan hannunki da ke ɗagawa yana sauka. Wannan maidowar ita ce horon gaba ɗaya. Wani masani Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da marasa lafiya irin wannan a 1979 a jami'ar Massachusetts ta Amurka, shiri ne na sati 8, kin ga ba abin dare ɗaya ba ne. Ni da tasbihi nake haɗawa, kowace fitar numfashi Subhanallah ɗaya. In kuma kin kai kamar minti 20 ido biyu ki tashi daga gadon ki zauna kan darduma, ban da taɓa waya, sai barci ya fara fizgarki ki koma.

Ɗan Fagge:
Ni roƙona ɗaya Hajiya, kar ki je kemis ki ce a ba ki maganin barci, irin su diazepam jiki na sabawa da su, bari kuma ya zama aiki. In abin ya wuce sati 2 ga rashin cin abinci ga kuka ba dalili, ko kin ji rayuwar ma ta fita ranki, ki ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa, Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, kuma ba sai wanda ya zautu ke zuwa ba. Ki sa a auna miki hawan jini ma. Maigida ya san halin da kike ciki kuwa?