Tsohuwar rauta a sashen baya tana yanke mana intanet

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawara kan wata matsala da ta dame ni kusan mako 3 ke nan. A falona akwai rauta mai karɓar sim, tana aiki lafiya lau, amma ƙarfinta ba ya kaiwa sashen baya inda Hajiya da ƙannena suke, saboda katangu biyu na bulo da ke tsakani. Sai na ɗauko wata tsohuwar rauta, na ja kebul na mita 30 daga falo, na soka shi a ɗaya daga cikin ramukan LAN ɗinta, wato ramukan da ake haɗa na'urorin cikin gida, domin ta riƙa watsa Wi-Fi a can. Wayoyi suna nuna sun haɗu, alamar ma ta cika, amma sau da yawa saƙo ba ya fita, kuma abin ya fi tsanani idan an ɗauke wuta an dawo da ita. Yanzu har a falo abin yakan faru, alhali da can bai taɓa yi ba.

Ɗan kasuwar waya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina tsohuwar ce ta gaji. Gara ka sayi ƙaramar na'urar nan mai ƙara wa Wi-Fi nisa, wadda ake sokawa a soket, ka huta da jan kebul.

Mai gyaran kwamfuta:
Alhaji, ina roƙon kada ka sayi komai tukuna. Na'urar da ɗan'uwa ya ambata tana karɓar saƙo ta iska ta sake watsa shi ta iska, don haka takan rage sauri, kuma katangun da suka tare Wi-Fi ɗin falo za su tare ta ita ma. Kebul ɗin da ka ja ya fi ta nesa ba kusa ba. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne cewar da ka yi matsalar ta shigo falo, domin rautar da ta gaji ba ta da yadda za ta yi ta hana wayar da ke wani ɗaki aiki.

Kusan kowace rautar gida tana zuwa daga kamfani da wani aiki a kunne mai suna DHCP, wato rabon adireshi. Duk wayar da ta shigo sai ta yi shela tana neman adireshi, rauta ta ba ta, ta kuma gaya mata ƙofar da za ta bi ta fita intanet. Da ka haɗa su LAN da LAN, gidan ya zama yana da masu rabo biyu, kuma yawanci wanda ya riga amsawa shi waya take bi. Idan ta falo ce ta riga, komai ya tafi daidai. Idan tsohuwar ce, sai ta ce wa wayar ta bi ta kanta, alhali ramin WAN ɗinta, wanda ta nan intanet ke shigo mata, babu komai a ciki. Game da wuta kuwa, rauta mai sim takan ɗauki lokaci kafin ta gama tashi ta kama sabis, tsohuwar kuwa takan riga ta, sai wayoyin gida su tarar da ita kaɗai tana rabo.

Idan abin ya sake tsayawa, ka buɗe bayanan Wi-Fi a wayarka ka karanto mana adireshin da ta samu.

Mai tambaya:
Malam, na duba. Lokacin da take aiki na ga 192.168.8.103, yanzu da ta tsaya kuma na ga 192.168.0.101.

Mai gyaran kwamfuta:
To, magana ta fito. Na farkon daga ta falo yake, na biyun daga tsohuwar. Ka zare kebul ɗin da ya zo daga falo, ka haɗa kwamfuta da tsohuwar ita kaɗai, ka shiga adireshinta, 192.168.0.1, ta burauza. Ka fara sauya adireshinta zuwa 192.168.8.2, bayan ka tabbatar ta falo ba ta raba wannan lamba; yawancin irinta daga 100 suke fara rabo. Za ta sake tashi, sai ka shiga ta sabon adireshin ka kashe DHCP. Ina jaddada wannan jeri ne saboda wanda ya fara kashe rabon yakan rasa hanyar komawa cikin saitin, sai ya danna maɓallin mayar da ita yadda ta zo ya faro daga farko. Bayan haka ka mayar da kebul a ramin LAN, ka kashe Wi-Fi na kowace waya ka kunna.

Malamar makaranta:
Ina da ɗan ƙari, Malam. Rautoci da dama na yanzu suna da zaɓi a cikin saiti da aka rubuta Access Point, wanda yake yin duk wannan aiki da kansa, don haka Alhaji ya fara dubawa ko tasa tana da shi. Sai kuma batun tasha, wato layin iska da kowace rauta take watsa Wi-Fi a kai. A makarantarmu na'urori biyu suna kusa da juna a tasha ɗaya, suna danne juna. A zangon 2.4 GHz tashoshin da ba sa hawa kan juna su ne 1 da 6 da 11, saboda haka idan ta falo tana kan 1, ta baya a sa ta a 6 ko 11. Ni na fi son suna da kalmar sirri su zama iri ɗaya a duka biyun, domin Hajiya ba sai ta riƙa zaɓe ba.

Mai gyaran kwamfuta:
Gaskiya ne, Malama, sai dai ina ganin a bar sunayen daban har a gama gwaji, domin idan suna ɗaya ne ba za mu san wace ce wayar take riƙe da ita ba lokacin da ta yanke.

Mai haɗa sola:
Ni kebul da caja nake so a duba. Mita 30 ba matsala ba ce, tunda kebul ɗin intanet irin Cat5e yana kai mita 100, amma kasuwa ta cika da kebul na alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama, wanda yake saurin karyewa a bakin kan da aka matse. Idan ka kankare silin ciki da wuƙa ka ga fari, shi ne. Ka kuma juya rautar ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta, ka gwada da na jikin cajar. Na taɓa zuwa wani gida inda rauta mai buƙatar 12V 1A take kan cajar 0.5A da aka ciro daga wata na'ura. Da mutane sun yi yawa a kanta sai fitilunta su mutu gaba ɗaya su sake kamawa.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na bi jerin da Malam ya bayar, na sa ta baya a tasha 11, kuma kwana 2 ke nan falo bai yanke ba, ko da an ɗauke wuta. Sashen baya ne ya yanke sau ɗaya jiya da azahar, na kusan minti ɗaya.

Mai gyaran kwamfuta:
Wannan wata matsala ce daban, kuma ina zaton wadda mai sola ya ambata ce. Ka zauna a sashen baya da kwamfuta, ka buɗe tagar umarni sau 3, ka rubuta ping -t 192.168.8.2 a ta farko, ping -t 192.168.8.1 a ta biyu, ping -t 8.8.8.8 a ta uku. Ping yana gwada ko adireshi yana amsawa: na farko rautar baya ce, na biyu ta falo, na uku kuma wani adireshi ne a intanet. Idan ta uku ce kaɗai ta tsaya, sabis ne daga waje. Idan ta biyu da ta uku ne, kebul ne ko rautar falo. Idan duka suka tsaya, ka dubi fitilun rautar a daidai lokacin. A ina ka ajiye ta bayan?

Mai tambaya:
A kan taga take, Malam, inda rana take bugunta daga hantsi. Cajar kuma na duba, 9V aka rubuta, rautar kuwa 12V take nema. Na sauko da ita kan teburi, gobe idan Allah ya kai mu zan nemo cajar da ta dace in yi gwajin da azahar.