Yahudawa ko Kiristoci: su wa suka fi kusa da Musulunci?

Daga zauren tsofaffin ɗaliban ajinmu, Katsina, bayan sallar isha'i.

Dogo: Assalamu alaikum jama'a. Yau a majalisarmu ta Ƙofar Soro wani baƙo ya ce wai addinin Yahudawa ya fi Kiristanci kusa da Musulunci. Wallahi maganar ta ƙi kwanta mini. Da duk abin da muke gani a Falasɗinu? Malam Liman, a warware mana.

Liman: Wa alaikumus salam. Ai Alƙur'ani ya riga ya raba gardama. A duba Ma'ida, aya ta 82: waɗanda suka fi kusa da muminai a soyayya su ne masu cewa mu Nasara ne, domin a cikinsu akwai malamai da masu kaɗaita ga ibada, kuma ba su da girman kai. Da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, wajen shekara ta 615, ina Manzon Allah (SAW) ya tura sahabbansa? Habasha, gun Najjashi, sarki Kirista. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam, sarkin ya yi hawaye, ya ƙi miƙa su ga jakadun Makka.

Monita: Allah gafarta Malam, ayar gaskiya ce, labarin ma haka yake. Amma soyayya ce ayar ta ambata, shi kuwa baƙon Dogo aƙida da shari'a yake nufi, kuma a nan ina tare da shi. Abin da Bayahude mai ibada yake karantawa safe da yamma shi ne ayar Attaura da ke cewa Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne. Ba ya jingina wa Allah ɗa, ba ya ajiye siffa a wurin ibadarsa. Yana yi wa ɗansa kaciya ranar takwas, ba ya cin alade, ba ya cin jini ko mushe, yana da ƙa'idar yanka, yana addu'a sau uku a yini yana fuskantar Ƙudus. Mu ma Baitul Maƙdis muka fuskanta wata 16 ko 17 bayan Hijira kafin a juya alƙibla zuwa Ka'aba. Kuma Dogo, ka raba abu biyu: ƙasar Isra'ila a 1948 aka kafa ta, addinin kuwa ya girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. Zaluncin gwamnati dabam, tambayar aƙida dabam.

Dogo: To ai shi ke nan, Kiristoci alloli uku gare su. Na ji ma an ce wani sarkin Rum ne ya ƙirƙiro musu.

Ɗan Kafur: A'a Dogo, a nan kam sai na shigo, tun da ni ake magana a kai. Ba mu da alloli uku. Wannan ayar da Monita ya kawo tana cikin Littafi Mai Tsarki da muke karantawa da Hausa a cocinmu, kuma da aka tambayi Yesu wace doka ce mafi girma, da ita ya fara, Markus 12:29. Abin da muka gaskata shi ne Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na san kunnen Musulmi ba zai karɓa ba, ban kuma ce ya karɓa ba, amma a faɗe shi yadda muke faɗa. Taron da kake nufi na Nikiya ne, a shekara ta 325. Sarki Kustantin ne ya kira shi, gaskiya, amma saboda wani limamin coci na Iskandariyya mai suna Ariyus ya ce Ɗan halitta ne, rigima ta tashi. Taron ya ƙi maganarsa. Kiristoci sun daɗe suna yi wa Almasihu sujada kafin a haifi Kustantin.

Monita: Na gode ɗan'uwa. Gyaranka ma ya ƙarfafa maganata. Suratul Ikhlas, wadda yaro ɗan shekara huɗu ke rerawa a makarantar allo, ta ce bai haifa ba kuma ba a haife Shi ba. Bayahude zai ji wannan ya ce haka ne. Kai ba za ka iya cewa haka ne ba tare da ƙarin bayani ba.

Hajiya: Ku dakata mini. Monita, ka lissafo kaciya da yanka, ka tsallake Nana Maryam. Ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya kira da sunanta, ga sura guda sukutum. Mun yarda ta haifi Annabi Isa ba tare da namiji ya taɓa ta ba, mun yarda shi ne Masihu, ya warkar da makaho da kuturu, ya rayar da matattu da izinin Allah, kuma zai dawo. Musulmin da ya ƙaryata Annabi Isa ya fita daga Musulunci. Addinin Yahudawa bai karɓi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, har yau Masihunsu suke jira. Ta yaya wanda ya ƙi annabawa biyu zai fi wanda ya ƙi ɗaya kusa da ni?

Liman: Allah ya saka da alheri, Hajiya.

Ɗan Kafur: Hajiya, maganarki ta yi mini daɗi ƙwarai, amma gaskiya ɗaya ce. Isan da kuke girmamawa ba a gicciye shi ba, haka Nisa'i aya ta 157 ta ce. Mu kuwa gicciyen da tashi daga matattu su ne ginshiƙin ɗakin, in ka zare su rufin ya faɗo. Manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa in ba a ta da Almasihu ba, bangaskiyarsu banza ce. Yahudawa ba su musa mutuwarsa ba, matsayinsa suka musa. Ku kun ɗaukaka shi, kun musa mutuwar. Saboda haka kusancin nan da kike gani, daidai wurin ne muka fi nisa.

Monita: Ga wata shaida daga bakin Yahudawan da kansu. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a Masar a 1204, da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa, kuma ya yi fatawa cewa Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne, tauhidinsu babu gauraye. Ya faɗi haka duk da cewa iyalinsa sun bar Andalus ne saboda tsananin masu mulkin Muwahhidun.

Liman: In tarihi za a bi, mu ma muna da namu. Shehu Magili da ya zo Katsina da Kano a zamanin Sarki Rumfa, kowa ya san tsananin da ya yi wa Yahudawan Tuwat, wani yanki a saharar Aljeriya ta yau, kafin ya iso ƙasar Hausa. Ga kuma abin da ya gudana a Madina da ƙabilun Yahudawa na Banu Ƙainuƙa da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza.

Monita: Haka ne Malam, kuma malaman zamaninsa ba duka suka goyi bayansa ba, alƙalin Tuwat ɗin ma ya saɓa masa. A daidai wannan lokaci, 1492, sarakunan Kirista na Sifen suka kori Yahudawa, Sarkin Musulmi Bayazid na biyu na daular Usmaniyya ya buɗe musu ƙofa. A 1099 kuma mayaƙan Salibiyya, wato rundunar Kiristocin Turai, sun shiga Ƙudus sun kashe Musulmi da Yahudawa tare. Zumunci da gaba suna juyawa da zamani, shi ya sa ban auna kusancin addini da su.

Hajiya: To batun yankan da ka kawo fa? Mu dai a unguwarmu, kowace Kirsimeti maƙwabtanmu Kiristoci sai sun kira mahauci Musulmi ya yanka musu akuya ya fuskantar da ita gabas, don mu iya ci. Sannan a aiko yara da shinkafa da miya a kwanon sha. Ni wannan na sani, ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba.

Ɗan Kafur: Mahaifina ma haka yake yi har ya rasu. Da sallar layya kuma cinyar rago ke shigowa gidanmu.

Liman: Ma'ida aya ta 5 ta halatta mana abincin Ma'abuta Littafi, ba ta ware wani a cikin biyun ba. Monita, na karɓi cewa a tauhidi da hukunce-hukunce Yahudawa sun fi kama da mu. Amma kama dabam, kusa dabam, kuma wanda Alƙur'ani ya kira mafi kusa ba zan canza masa matsayi ba.

Monita: Mafi kusa a soyayya, Malam. A nan ayar ta tsaya, ni ma a nan na tsaya.

Dogo: Ranar Juma'a zan gayyato baƙon nan majalisa bayan la'asar. Ɗan Kafur, ka zo da Littafinka, Malam zai zo da tafsirin Jalalaini, a buɗe ayoyin a gaban kowa.