Na zuba jarina a Wii U, yara sun ƙaurace wa shagona: in sayar ko in riƙe?

Abban Sultan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai har barci yana neman gagarata.

Ni tun ina ƙarami nake son gem. A unguwarmu akwai wani shago mai Sega, a can muka koyi Mortal Kombat, kuma a can kuɗin tararmu na makaranta suke ƙarewa, har duka na sha a wajen Baba a kan haka. Da PS2 ta shigo muka koma ƙwallo. Bayan na gama karatu na yi koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ni tsakiyar wata, shugaban makarantar kuma ga faɗa, sai na ajiye na kama ɗan shago ina cajin waya da sayar da kati. Shagon na wani kawun abokina ne, ya min sauƙin haya, duk da yanzu ya fara maganar ƙari. Bara na raba shi biyu da filawud don in sa gem a ciki.

PS4 na so saya, kuɗin bai kai ba. Sai wani mai shigo da kayan gwanjo daga waje da muka haɗu a intanet ya ce yana da Wii U, injin gem na kamfanin Nintendo, guda huɗu da faya-fayansu, a kuɗin da bai kai na PS4 biyu ba. Na kalli bidiyonta, ga allo a jikin fad ɗin da ake riƙewa a buga wasa, ga hoto tas, na ce wannan ai babu mai irinta a duk unguwar. Na saya.

Da farko shagon ya cika. Kowa yana son taɓa fad mai allo. Daga nan sai tambaya ɗaya: "Oga, ina ƙwallo?" FIFA 13 kawai gare ni. Yaro ya duba ya ga Messi a Barcelona, Ronaldo a Real Madrid, ya nemi Haaland bai gani ba, ya ajiye fad ya tsallaka shagon da ke bayan masallaci. Yanzu allon fad ɗaya ya fashe, na zagaya kasuwa babu mai shi.

Abin da nake tambaya: in sayar da su ko da faɗuwa in haɗa PS4 ɗaya, ko in ajiye? Don na karanta cewa injinan gem da ba su karɓu ba su ne suke tsada daga baya wajen masu tara tsofaffin kaya.

Sadik Mai Fad:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, abin da ka saya shi ne babban kuskuren da Nintendo ta taɓa yi. Wii ta sayar da sama da miliyan 101, Wii U da ta gaje ta a 2012 miliyan 13 da rabi ta tsaya. Ko a can ƙasashensu iyaye da yawa sun ɗauka wani sabon fad ne da ake jona wa tsohuwar Wii, saboda sunan da kuma tallar da kullum fad ɗin take nunawa. Kamfanin EA ya yi mata FIFA 13 ya janye, ɗaya wasan ƙwallon, PES, kuwa bai taɓa fitowa a kanta ba. Kada ka jira wata ƙwallo, babu ita. Nawa ka saye su tukuna?

Kawu Sega:
Sadik, kai yaro ne, shi ya sa. Wii U ba ta ma kama ƙafar babban kuskure ba. Ni da idona na ga zamanin da in aka ce gem, Sega ake nufi, yau ina injin Sega yake? Kuskure ana auna shi ne da abin da ya bari a baya. Nintendo ta yi asara da Wii U, har shugabanta Satoru Iwata ya zabge rabin albashinsa a 2014, amma a watan Maris na 2017 ta fito da Switch, ta kwashe wasannin Wii U ta sake sayar da su. Mario Kart 8 ɗin nan da ke shagon Abban Sultan, a kan Switch ya haura miliyan 60. Wannan kake kira faɗuwa?

Ka zo in ba ka labarin Saturn, injin Sega. An yi wa kowa alkawari za ta fito a Amurka ranar 2 ga Satumba, 1995. Sai a watan Mayu, a taron baje kolin gem na E3 na farko, shugaban Sega na Amurka Tom Kalinske ya hau mumbari ya ce ai tana kantuna yanzu haka, dala 399. 'Yan kantuna kaɗan aka ba, sauran manyan 'yan kasuwa a wajen taron suka ji labari. KB Toys, wani babban kantin kayan wasan yara, don haushi ta daina ajiye kayan Sega. Masu ƙera wasanni kuma Satumba suke lissafi, don haka injin ya fito kusan ba wasa. A wannan taron dai mutumin Sony, Steve Race, ya tashi ya je gaban makirfo ya ce "299" kawai, wato kuɗin PlayStation, ya koma ya zauna. Shi ke nan, dala ɗari tsakani.

Kuma kada ka manta watanni shida kafin nan mutanen Sega sun sayar wa mutane 32X, wani abu da ake cusa wa Mega Drive a ka, suka yi watsi da shi. Wa zai sake yarda da kai? Saturn ɗin ma ƙwaƙwalwa biyu aka sa mata, masu rubuta wasa suka yi ta kuka da wahalarta, ga shi har ta mutu ba a yi mata babban wasan Sonic nata na kanta ba. Dreamcast da ta biyo baya injin kirki ce, amma bashin Saturn ta biya: EA ta ƙi yi mata ko wasa ɗaya, PS2 ta fito, a 2001 Sega ta daina ƙera inji kwata-kwata. Nintendo tana nan, injin Sega babu. Magana ta ƙare.

Abban Sultan:
Na gode Kawu. To ka ga abin da nake faɗa kenan, injin ba shi da laifi. Kuma a lokacin huɗu na samu a madadin biyu, duk mai lissafi haka zai yi. Shago ai yawan talabijin ne.

Sadik Mai Fad:
Yawan talabijin da ba kowa a gabansu? Har yanzu ba ka faɗi nawa ka saya ba.

Ɗan Birnin Damagaram:
Ku duka kun manta Virtual Boy. Nintendo ce ta yi shi a 1995, abu ne da ake dasawa a tebur ka cusa fuskarka ciki, komai ja da baƙi, mutane suna ta kukan ciwon kai da wuya. Wajen 770,000 aka sayar, wasanni 22 kacal aka yi masa, bai ma kai Turai ba aka janye shi. Kuma Gunpei Yokoi, wanda ya ƙirƙiro Game Boy, shi ya jagoranci aikin. Malam Abban Sultan, a nan amsarka take. Irin wannan ne masu tara kaya suke nema saboda ƙarancinsa. Wii U miliyan 13 tana warwatse a duniya, kuma su masu taran a kwalinta suke so, da takardunta, ba wadda yara suka shafe da man ƙuli ba. Sannan an sha ba da rahoton cewa wasu Wii U in aka daɗe ba a kunna su ba, ma'ajiyar cikinsu takan lalace su ƙi tashi. Ajiyar ma ba tabbas.

Kawu Sega:
Virtual Boy gwaji ne na gefe, Nintendo ba ta ɗora rayuwarta a kansa ba, shekarar da ta biyo baya ta fitar da Nintendo 64. In ma kuskuren Nintendo kake nema, ba inji ba ne. A 1991 suna tare da Sony a kan injin faifai, Sony ta sanar a taron baje kolin kayan lantarki na CES, washegari Nintendo ta ce ita da Philips za ta yi. Haushin wannan ne ya haifi PlayStation. Amma duk da haka Saturn ce ta ɗaya.

Injiniya Mai Gyara:
Ni a teburina nake ganin kurakuran nan. Xbox 360 ta farko, jan zoben nan mai fitilu uku da ke nuna injin ya lalace, sai da Microsoft ta ware sama da dala biliyan ɗaya a 2007 don gyara, ta ƙara garanti zuwa shekara uku. Mu nan wane garanti? Mutum zai naɗe injin da tawul ya gasa shi don ya ga haka a intanet, ya kawo min bayan ya ƙarasa shi, in na ce ba ya gyaruwa ya ce na cire masa kaya. Akwai wanda har yau injinsa biyu suna ƙarƙashin teburina, na gyara ɗaya, kuɗin aiki ya gagara, in ya hango ni sai ya canza layi. Sana'ar nan sai haƙuri.

Kan maganar fad ɗinka: a Amurka da Turai ba a ma sayar da shi shi kaɗai a kanti ba, kuma yana da kullen yanki, na Japan ba zai yi aiki sosai da injin Amurka ba. Ka yi odar allo kawai a canza maka. Shawarata, ka sayar da uku ka sayi PS3 biyu, ka bar zancen PS4. PS3 tana da kayan gyara ko'ina.

Sadik Mai Fad:
PS3 a yanzu? Yaran da suke neman Haaland? Injiniya kana neman wa kanka kwastoma ne kawai. PS4 ɗaya ta fi.

Hafiz Xbox:
Kawu, da girmanka, amma Xbox One fa? A 2013 mutanen Microsoft suka ce dole injin ya shiga intanet duk awa 24, suka sa takunkumi a kan faifan hannu, suka haɗa shi da kyamarar Kinect dole a dala 499 alhali PS4 tana 399. Da aka tambayi shugabansu Don Mattrick game da marasa intanet, cewa ya yi su sayi Xbox 360. Mu da ko wuta ba ta zama, da mu yake. Sun janye dokokin kafin injin ya fito amma an riga an tafi. Phil Spencer, shugaban Xbox a lokacin, da bakinsa ya ce a 2023 zamanin Xbox One ɗin da suka rasa shi ne mafi munin wanda za a rasa, don a lokacin ne mutane suka tara wasanninsu a asusun intanet.

Kawu Sega:
Microsoft tana da kuɗin da za ta yi wannan kuskuren sau goma ta tashi. Sony ma ta sa wa PS3 dala 599 a 2006, aka yi mata dariya, ƙarshe ta sayar da sama da miliyan 87. Ina ce muku a auna da gawa. Wa ya mutu? Sega.

Maman Hanif:
Ni duk wannan lissafin naku ban gane shi ba. Abin da na sani, ɗana kuɗin cefane yake ɗauka ya kai gidan gem, in na aike shi niƙa sai na bi shi da kaina, na je na yi wa mai shagon magana ya ce ai ba shi ya kira shi ba. Ko Islamiyya ba sa tashinsu su tafi. Malam Abban Sultan, tun da Allah ya sa yaran sun gudu da kansu, ka sayar ka ƙara a cajin wayarka, ka sa firji ka riƙa sayar da ruwan sanyi. Kuma wai kuɗin waye ka saya da su? Mai cajin waya ina ya ga kuɗin inji huɗu da talabijin huɗu?

Abban Sultan:
Hajiya, ni ba na barin yaro mai kayan makaranta ya shigo min. Kuɗin kuma adashen uwargida ne da ta ɗauka, da yardarta aka yi komai, na ɗan cika da nawa. Ita dai ta san an sayi gem, ba ta shiga bambancin sunayensu, kuma ban ga amfanin tayar mata da hankali yanzu ba tun da kayan suna nan ba su ɓata ba.

Maman Hanif:
Tabɗi. Wato ba ta sani ba kenan.

Ɗan Birnin Damagaram:
Malam, kafin ka sayar, ka san Wii U tana cin faifan Wii? A Wii akwai PES 2013 da FIFA 15, sai dai hoton bai kai ba. A Wii U ɗin kanta kuma ga Tekken Tag Tournament 2, ga Smash Bros. da mutum takwas za su buga lokaci guda. Ka sa gasa ranar Asabar, ƙananan yara ka nema, ka bar wa na bayan masallaci samarin.

Sadik Mai Fad:
Ƙananan yara ba su da kuɗi, sai dai na cefanen Maman Hanif. Kuɗin man janareta ma ba za su fitar ba. Ni in za ka sayar ina son ɗaya saboda wasan Zelda, amma fa kuɗin gwanjo zan biya, don kantin Nintendo na intanet a kanta an rufe shi tun Maris 2023.

Abban Sultan:
Sadik, yanzu ka gama kushe ta kuma kana so? Ka ga alamar tana da daraja kenan. Ɗan Damagaram, na gwada gasa sau ɗaya ba a zo ba, amma ranar ana ruwa. Yanzu dai na yi magana da wanda ya sayar min, ya ce zai karɓi uku ya ba ni Xbox One ɗaya in cika masa wani abu a kai. Ya kuke gani?

Injiniya Mai Gyara:
Mutumin nan dai? Ka tambaye shi wutar 110 ce ko 220 kafin ka jona, kada ka kawo min ita da hayaƙi.

Kawu Sega:
Hafiz, da na ce a auna da gawa ba ka ba ni amsa ba. Kuma kada wani ya kawo min zancen Atari Jaguar, Atari ta riga ta durƙushe kafin nan.