Gida da dogon yaro a tsakarsa

Daren jiya a fadarmu ta Zango, wani abokinmu ya ce ya ga gidan saye, amma dogon yaro ya cika tsakar gidan. Maginin cikinmu ya ce kafin a yi ciniki a duba katanga: in tsaga ta taso daga ƙasa, mai yiwuwa aikin saiwa ne. A leƙa salga ma, don saiwa danshi take bi. Yawancinmu ba mu yarda a sare ba, wanda ya san zafin Afrilu a Damagaram ba ya wasa da inuwa. A dai rage rassan da suka hau rufi kafin iskar farkon damina. Da gawo ne kuwa, sai da izinin ma'aikatan gandun daji, in ba haka ba a sha tara.