Haifaffun Legas, a ina kuka karɓi takardar indijin?

Mai atamfa: Assalamu alaikum. Ɗana na fari ya cike fom ɗin neman aikin gwamnatin tarayya, an ce sai ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. A Legas aka haife shi, a nan aka haifi babansa, kakansa ne ya zo fataucin goro ya zauna. Na je sakatariyar da ke kusa da mu, jami'in ya dubi sunan yaron ya ce mu tafi garinmu. Wanda ya taɓa shiga wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni sai da na hau mota zuwa Arewa. Abin dariyar ma, mu a gida kullum cewa ake mu Kanawa ne, don lokacin da kakanmu ya baro gida Haɗeja tana cikin Kano. Da aka yanke Jigawa a 1991 sai muka koma 'yan wata jiha ba tare da mun motsa daga Agege ba. Mai unguwa ne ya fara sa hannu, sai dagaci, sai hakimi, sannan sakatariya. Allah ya taimake ni akwai wani tsoho da ya san kakana, shi ya tsaya mini. In babu wanda ya san gidanku a can, wallahi za ki sha zirga-zirga. Ki tura yaron da wani dattijo daga dangin babansa.

Malamin firamare: Hajiya, ba daga jami'in abin ya taso ba, daga tsarin mulki ne. Kundin 1999 ya wajabta raba muƙaman tarayya tsakanin jihohi, sannan ya danganta zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni, bai kula da inda aka yanke maka cibiya ba. Katin LASRRA da muke da shi na rajistar mazauna jihar Legas ne, yana amfani a hulɗa da gwamnatin jiha, amma ba ya maye gurbin indijin. Ƙuri'a kuwa a inda kake zaune kake jefawa. Shi ya sa nake zaɓen ciyaman a nan, takardata kuma tana hannun ciyaman ɗin da ban taɓa zaɓa ba.

Direban tirela: Malam ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kuɗin shago, kuɗin shara, tikitin kasuwa, duk a nan nake biya, babu mai tambayar asalina ranar karɓa. Sai an zo rabon wani abu a tuna ni baƙo ne.

'Yar Idi-Araba: Ni tawa daban ce. Mahaifiyata Bayarabiya ce 'yar asalin Legas, babana Bakatsine. Wasu sun ce in bi ta wajen uwa. Dangin mama sun kai ni wurin baale, wato dagacin Yarabawa, ya ba da wasiƙa, na kuwa samu. Amma ku kula da wani abu da ya kusa ɓata mini fom: unguwar su mama tana ƙarƙashin LCDA ne, wato irin ƙananan hukumomin da jihar Legas ta ƙirƙira da kanta, kuma a shafin tarayya ƙananan hukumomi 20 kawai ake gani na Legas. Guda 37 ɗin da aka ƙirƙira a 2003 zamanin Tinubu yana gwamna ba su shiga kundin tsarin mulki ba har yau. A kansu ne Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, har aka je Kotun Ƙoli a 2004. Don haka sunan uwar ƙaramar hukumar ake rubutawa, misali ɗan Orile Agege ya sa Agege.

Ɗan Zango: Ƙanwata kin yi sa'ar uwa. Mu da iyaye duka biyu daga Arewa suke, sai hanyar gida.

Baba mai goro: 'Ya'yana, na girme ku duka a garin nan. Na ga Hausawa da yawa da ke jin Yarabanci kamar a bakinsu aka ƙera shi, ana damawa da su a siyasar unguwa, amma takarda ta gagare su. Shawarata ga masu ƙananan yara, ku karɓa musu tun tsofaffin da suka san ku a gida suna raye. Na yi wa jikokina tun suna firamare. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ake ta murna da shi, kan kuɗin ƙananan hukumomi 774 yake, bai taɓa maganar wane ne ɗan gari ba.

Mai atamfa: Na gode, Allah ya saka. Baba, kakan yaron daga wajen Zariya yake, akwai ƙanin kakan da ke raye. Shi kaɗai ya isa shaida, ko sai mun nemi wasiƙar Sarkin Hausawa daga nan mu haɗa?

Baba mai goro: Ku tafi da duka biyun, da takardar haihuwa da hotuna. Kuma kada ku isa ranar Juma'a.