Neman kalmar Hausa: saƙar kwarashi mai tudu-tudu

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan raba wa ɗalibaina takardar darasi a kan bargon jarirai mai tudu-tudu, kuma dole ne in kai ta wurin bugawa kafin Juma'a. Littattafan Turanci sun bambanta saƙa huɗu, wato cluster da bobble da puff da popcorn, mu kuwa a aji dukkansu "mai ƙulli" muke ce musu, har ɗaliba ta saƙa wata alhali wata ake nufi. Sun riga sun saba da "sarƙa" da kuma "sanda", wadda Amurkawa suke kira double crochet, mutanen Ingila kuma treble. Ina neman taimakonku.

Malamar saƙa daga Zariya: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ta ƙarshen ba ta da wahala, gugguru ce. Ana yin sanda 5 cikakku a rami ɗaya, a zare kwarashi, a soka shi a kan sandar farko, sannan a jawo zoben ulun da aka bari, sai ta dunƙule ta taso. Ta farkon kuwa, wato cluster, ina ganin a kira ta "dami", domin sanda 3 ake farawa ba tare da an ƙarasa kowacce ba, har zobe 4 su taru a kan kwarashi, sannan a ja ulu ta cikinsu gaba ɗaya, kamar yadda ake ɗaure damin gero. Bobble ma haka ake yin ta, sai dai sanda 5 ne a rami ɗaya, zobe 6, kuma daga bayan saƙa ake yi domin tudun ya fito ta gaba. Ita zan ce mata "curi".

Mai fassara daga Sakkwato: Hajiya, ina girmama iliminki, amma an fara gini ne a kan aro. Kwarashi ba Hausa ba ce, asalinta kalmar Faransanci ce mai nufin ƙaramar ƙugiya, ulu kuma daga Turanci yake. Gugguru kuwa kwaikwayon Bature ne kawai, shi ya ga masara, mu ma dole sai mun ga masara. Tunda dukkan huɗun tattara zare ake yi a wuri ɗaya, na ƙirƙiri kalmar "tattarau", sai a ce tattarau ƙarami da babba da mai laushi da rufaffe.

Wata masaƙiya daga Damagaram: Malam, tattarau ita ce matsalar da mai tambaya take gudu, an dai sauya mata riga. A nan wajenmu takardun saƙa da Faransanci suke zuwa, inda ake kiran sanda bride, kuma ba daidai ba ne kullum a yanke magana a Nijeriya sannan a ce mu bi. Ni "tuntu" na fi so a kan curi.

Malamar saƙa daga Zariya: 'Yar'uwa, ba wanda ya rufe muku ƙofa. Sai dai tuntu daban ake haɗa shi a ɗinka a ƙoƙon hula, kuma waɗannan ɗalibai har hulunan jarirai suke saƙawa, saboda haka ranar da aka ce su sa tuntu ba za su san wanne ake nufi ba.

Mai fassara daga Sakkwato: Abin da yake damuna shi ne, al'ummar da take da masaƙa da marina irin ta Ƙofar Mata tun kafin saƙar kwarashi ta bazu a Turai a ƙarni na 19 ba ta cancanci ta riƙa roƙon kalma ba. A ce ƙugiya, a ce zare, a ce tattarau.

Malamar saƙa daga Zariya: Malam, ka shiga kasuwa ka nemi ƙugiya, za a miƙo maka ta ciro guga daga rijiya. Kwarashi ya daɗe a bakin mata, kuma su ne masu sana'ar. Mu koma kan puff, wadda har yanzu ba wanda ya taɓa. Ita ba sanda ake yi ba, ulu ake naɗawa a jawo dogon zobe sau 4 daga rami ɗaya, har zobe 9 su taru, sannan a rufe su, shi ya sa take da laushi kuma take cin ulu fiye da dami. Na yi tunanin "mai kumburi", amma ba uwar da za ta so jin wannan a kan bargon jaririnta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan rubuta dami da gugguru, zan sa curi na ɗan lokaci in ga ko ɗalibai za su karɓe ta, puff kuma zan bayyana yadda ake yin ta tare da hoto, ba tare da suna ba. Malam, ka yi haƙuri, kwarashi zai zauna.

Mai fassara daga Sakkwato: Dami ba laifi, Malama, na karɓa. Gugguru dai ban yarda da ita ba, kuma idan za a sake buga takardar, a tuna cewa "tattarau mai laushi" tana nan ga wadda kuka bari ba suna.