Bustar farko da zan haɗa wa jitata: LPB-1, Rangemaster ko Super Hard On?

Yakubu_Jos:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan majami'armu, kuma in aka zo wurin da zan fito ni kaɗai, sautina nutsewa yake yi ƙarƙashin fiyano da ganguna. Ba datti, wato fashewar sauti, nake so ba, ƙara kawai nake so ta ɗan ɗaga in na taka. Na ƙudura in haɗa busta da hannuna, wato fedal, ɗan akwatin da ake takawa ya ɗaga ƙarar jita. Ban taɓa soda komai ba in ban da kan wayar jita. Jitar kwafin Stratocaster ce, amfilifayar kuwa ƙarama ce ta transista, wat 20, ana kafa mata makirfo zuwa miksa. Uku nake dubawa: LPB-1, Rangemaster, da Super Hard On. Dubu 15 na ware. Don Allah wanda ya taɓa haɗa ɗaya da hannunsa nake son ji, ba wanda ya kalla a YouTube ba.

Ɗan Gayu:
Wahalar me za ka sa kanka? Ƙara kuɗi ka ɗauki fedal ɗin Zoom na gwanjo, akwai sauti fiye da yadda za ka iya ƙirgawa a ciki.

Habu Lantarki:
Tube Screamer za ka haɗa, ɗan'uwa. Duk wani babban mai jita yana da ita.

Yakubu_Jos:
Na gode, amma na ce ba na son datti, Tube Screamer kuwa fedal ɗin datti ce, kuma kayanta sun yi wa ɗan koyo yawa.

Baba Audu Mai Rediyo:
Yaro, LPB-1 za ka yi. Na haɗa wa ɗan maƙwabcina ita a kan tebur ɗin gyara, kafin shayinsa ya huce ta yi magana. Transista ɗaya ce, 2N5088, mai ƙafa uku: bes, kalekta da emita. Resista huɗu: 430k daga wuta zuwa bes, 43k daga bes zuwa ƙasa, 10k a kalekta, 390 a emita. Kwandensa biyu na 0.1uF, boliyum 100k, shi ke nan. In ba ka samu 430k da 43k ba, sa 470k da 47k, rabon ɗaya ne. In 2N5088 ta yi wuyar samu, BC549 ko C945 da ke cikin kowane mataccen rediyo za su yi. Sai dai ka kula da ƙafafu, nan yara suke faɗuwa. In ka fuskanci gefen da yake shafe, ƙafafu suna ƙasa, 2N5088 emita, bes, kalekta take. BC549 a juye take, kalekta ce farko. C945 kuwa bes ɗinta a ƙarshe yake. In ka gama ka ɗora mita a kalekta, ka ga wajen rabin wutar batir, to ka yi daidai. A lissafi tana ninka sauti kusan sau 25, kuma abin da take ci bai kai miliyamf ɗaya ba, batir sai ya gaji da zama.

Bitrus KD:
Baba, da girmanka, amma LPB-1 ba tsabtatacciya ba ce kamar yadda ake faɗa. Na haɗa ta, na kuma haɗa Super Hard On, duka suna nan a gabana. LPB-1 tana danne jita, don imfidans ɗin shigarta, wato turjiyar da sautin jita ke tararwa a bakinta, bai kai 43k ba, alhali jita ta saba da wajen miliyan ɗaya, 1M, a bakin amfilifaya. Sai ka ji kaifin sama ya ragu, ƙasa ya yi kauri. A Stratocaster wasu suna son haka, ni ban so ba. Super Hard On ta kamfanin ZVex, transista ɗaya ce ita ma, BS170, amma imfidans ɗinta miliyoyi ne, sai ka ji jitar ta buɗe. Aibinta biyu: boliyum yana ƙarar ƙas-ƙas in kana juya shi, wannan kuwa haka aka yi ta, har mai ita ya rubuta a jikinta cewa ba komai, sannan BS170 irin transistar da ake kira mosfet ce, ba ta son wutar jiki, dole ka sa zina dayod ta kare ta. In 2N7000 ka samu a madadin BS170, juya ta za ka yi.

Mamman Damagaram:
Duk abin da za ka yi, ƙanena, kada ka kusanci Rangemaster. Ni ta ci mini aiki. Ina kiɗan biki nan Damagaram, na ji labarinta, wai ita ce sirrin manyan masu jitar Ingila, Brian May da Tony Iommi, sai na ce to ni ma. Aka ce sai transistar jamaniyom OC44 ta asali. Na ba wani ɗan'uwa kuɗi ya yi mini oda wurin wani mai sayarwa a intanet, jikka goma sha biyu ƙwara ɗaya, ban da kuɗin kawowa. Ta iso lokacin ɗari, na haɗa, wallahi daɗin da ta yi har yara suka taru a ƙofar gida. Na yi ta fahari da ita. Da zafi ya shigo, aka ɗauke mu wani babban biki, da rana tsaka, rumfa ba ta kai inda muke ba. Muka fara lafiya. Can sai sauti ya soma tsinkewa, ya koma kamar ana yaga tsumma, daga nan ya shaƙe. Na sake pil, wato batir, banza. Na ce bari in jona ta a adaftar da sauran fedal ɗina suke sha, sai komai ya mutu gaba ɗaya, adaftar ta yi zafi ta ƙone. Amarya na tsakiyar fili, mata suna liƙi, ni ina durƙushe ina jan wayoyi. Dangin ango suka zabge kuɗinmu, shugaban ƙungiya bai ce mini komai ba, sati na zagayowa na ji an kira wani yaro a wurina. Na rubuta wa mai sayarwar, ya ce in aiko masa da hoto, na aika, har yau shiru. Rubutun da ke jikin transistar ma da yatsa ya goge. Jabu ya sayar mini.

Ɗan Gayu:
Allah sarki. Da ka sa ta cikin kular fiya wata, da yanzu kana nan kana cin kuɗinka.

Baba Audu Mai Rediyo:
Mamman, sannu, abin da ciwo. Amma ko ta asali ce da hakan na iya faruwa. Jamaniyom yoyo take yi, kuma yoyon kusan ninkawa yake duk ƙarin digiri 10 na zafi. Ka saita ta a lokacin ɗari, ka kai ta rana ta wata huɗu da ta haura digiri 40, dole saitinta ya gudu. Adaftar kuwa ba laifin mai sayarwa ba ne. OC44 PNP ce, Rangemaster fosatif ɗinta ne a ƙasa, sauran fedal ɗinka negatif ne a ƙasa. In ka haɗa su a adafta ɗaya, to ka haɗa fosatif da negatif ke nan ta jikin wayar jak. Rangemaster ta asali da aka yi a Landan a shekarun 1960 batir kawai take sha, kuma a kan amfilifaya ake ɗora ta, ba a ƙasa ba.

Mamman Damagaram:
Baba, ni rubutu ya goge a hannuna, kai kana ce mini digiri. Kana wurin?

Saratu Bass:
Ku yi haƙuri, mai tambayar fa a Jos yake. Zafin Damagaram bai shafe shi ba.

Mamman Damagaram:
Jabu ba ta san Jos ba, 'yar'uwa.

Bitrus KD:
Ko ba zafi Rangemaster ba tasa ba ce. An yi ta ne don amfilifayoyin bawul na Ingila masu duhun sauti irin su Vox AC30, kwandensan shigarta ƙarami ne, 5nF, yana yanke ƙasa ya tura sama. Ka sa wannan tsakanin Strat da amfilifayar transista, kunnen limaminku ne zai fara kai ƙara.

Habu Lantarki:
Ni dai tambayata, Baba Audu ya taɓa riƙe jita? Gyaran rediyo daban, sauti daban. Mita ba ta jin daɗin kiɗa.

Baba Audu Mai Rediyo:
Ban taɓa ba. Amma duk mai jitar da fedal ɗinsa ya yi hayaƙi a unguwar nan, wurina yake kawowa, ba wurin mai kunne ba. Kai da ka ce ya haɗa Tube Screamer, ka taɓa haɗa ta?

Habu Lantarki:
Abokina ya haɗa, ina zaune.

Ɗan Gayu:
Ni ma ina zaune aka yi wa yayata tiyata, ku kawo marasa lafiya.

Yakubu_Jos:
To na cire Rangemaster. Saura biyu. Dubu 15 ɗin za ta isa?

Baba Audu Mai Rediyo:
Har da canji. Kayan cikin duka ba su kai dubu ɗaya ba.

Bitrus KD:
Baba farashin zamanin Shagari yake ba ka. Kayan cikin ba su ne kuɗin ba. Makunnin takawa mai ƙafa tara, 3PDT, shi kaɗai dubu huɗu da ɗari biyar na saya. Akwatin alminiyom 1590B dubu bakwai, kafin jak biyu, boliyum, soket ɗin wuta da allon vero. Na tashi sama da dubu 20.

Ɗan Gayu:
An yanke ka. Dubu ɗaya da ɗari biyar na ga makunnin nan.

Bitrus KD:
Mai ƙafa shida ka gani, ko wanda zai narke kana kai masa ƙarfen soda. Ka saya ka taka shi wata ɗaya mu gani.

Habu Lantarki:
Ni an ce mini ƙasa da dubu 30 ba a gama fedal yanzu.

Baba Audu Mai Rediyo:
Wa ya ce dole sai akwatin Turai? Gwangwanin sardin ko na alewa ya isa, in dai ƙarfe ne ka haɗa shi da ƙasa don ya tare ƙugi. LPB-1 ta farko da Electro-Harmonix suka fitar a ƙarshen shekarun 1960 ba ta da makunnin takawa ma, ɗan akwati ne da ake cusawa kai tsaye a bakin amfilifaya. Ka fara gwadawa a allon gwaji ba tare da dalma ba, in ka ji ta yi maka, sannan ka kashe kuɗin makunni.

Ɗan Gayu:
Ranar Lahadi ya taka gwangwanin sardin a gaban jama'a ya lotse, kyanwar majami'a ta biyo shi.

Saratu Bass:
Ba wanda ya tsaya kan amfilifayarsa, ita ce kuwa maganar. Yakubu, a nawa kake ajiye boliyum ɗinta? Busta ba ta ƙara wa amfilifaya wat ko ɗaya. In wat 20 ɗin nan ta riga ta kusa ƙurewa, ka taka busta, ƙara ba za ta ɗagu ba, fashewa kawai za ta yi, kuma fashewar transista ba daɗi. Na gani a wurin mai jitarmu: ya haɗa MXR Micro Amp, busta mai ofamf (ƙaramin IC) ɗaya, aiki tsaf, ya taka, sai ƙazanta. Da ya rage amfilifayar zuwa ƙasa da rabi ya bar mata sarari, aka ɗaga makirfonta a miksa, sannan bustar ta yi abin da aka haɗa ta dominsa. Kafin ka sayi komai, gwada wannan: saita sautinka da boliyum ɗin jikin jita a bakwai, in lokacinka ya zo ka buɗe shi goma. In hakan ya fito da kai, kowace cikin biyun za ta yi maka. In bai fito da kai ba, matsalarka tana wurin mai miksa.

Yakubu_Jos:
Yaya Saratu, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na taɓa gwada haka. Ina buɗewa sai in ga hannun mai miksa ya tafi kan layina ya ja ƙasa.

Bitrus KD:
Ai cutar ke nan ko'ina. Ka kwana kana soda, mutum ɗaya da yatsa ɗaya ya mayar da kai kurma. Namu ma in ya ji jita ta fito sai ya ɗauka wani abu ne ya lalace.

Mamman Damagaram:
Mu nan mai gurup ne, wato mai janareta. Ya kawo injin da wutarsa ke hawa da sauka, ampili na ƙugi, a ce mai jita ne bai iya ba.

Oga Sunday Miksa:
Tun ɗazu ina karantawa ina shiru. Ku masu jita ba kwa faɗin naku. Lokacin gwaji mutum zai kaɗa a hankali kamar mai jin kunya, in saita shi, ana fara waƙa ya taka wani abu da bai gaya mini yana da shi ba, jan fitila ta kama a layinsa, lasifika ta yi kuka, jama'a duka su juyo suna kallona. Ni ake kira ofis bayan an tashi, ba ku ba. In za ka sa busta, ka taka ta a gabana lokacin gwaji, mu yarda kan iyakarta, ka sa mata alama da biro kada ka wuce.

Saratu Bass:
Oga Sunday, wane gwaji? Wanda kuke zuwa saura minti biyar a fara, mai fiyano ya cinye huɗu?

Oga Sunday Miksa:
Ki tambayi wanda yake riƙe makullin ɗakin kaya. Ni ma a waje nake tsayawa.

Habu Lantarki:
Fiyanon ma ai ita ce ta kashe mana kasuwa. Mai biki yanzu mutum ɗaya yake ɗauka da kibod, ya yi ganga, ya yi bes, ya yi jitar ƙarya, a biya shi kuɗin mutum huɗu.

Mamman Damagaram:
Kuɗin mutum huɗu ina? Na mutum ɗaya da rabi ake ba shi, shi ya sa ake ɗaukarsa. Yaron da aka sa a wurina ma bai daɗe ba, yanzu kibod ce a wurin. Nawa ake ba mai jita a biki can wajenku, Bitrus? Ina so in san ko mu kaɗai ake yi wa haka.

Bitrus KD:
Ya danganta da ko kai ka kawo amfilifayarka. In tasu ce, kuɗin mota da abinci ne, sai abin da aka liƙa maka in mai waƙa bai riga ka kwashewa ba.